Lambun tsakar gida a bazara: me za a shuka da zafin nan?

Maman Khalifa:
Assalamu alaikum jama'a. Masana lambu a taimaka da shawara. Akwai fili a tsakar gida nan Kano, mita huɗu tsawo, mita uku faɗi. Ƙasa ce, ba daɓen siminti ba, kuma rana tana kansa tun hantsi har bayan la'asar. Ruwanmu na 'yan garuwa ne, babu rijiya. Ga shi muna tsakiyar Maris. So nake na sa tumatir, latas, karas da attarugu. Ta ina ake farawa?

Malam Habu Kura:
Wa alaikumus salam. Hajiya, cikin huɗun nan uku kin makara, ɗaya kuma kin yi sammako. Latas da karas da tumatir kayan sanyi ne, daga Oktoba zuwa Disamba ake sa su don su ci hunturu. Latas ɗin da aka shuka yanzu miƙewa zai yi ya fitar da kai, ganyen ya yi ɗaci, irinsa ma ba ya son tsira in ƙasa ta ɗau zafi. Karas kuwa ganye zai tara miki, saiwar ta tsaya siririya ga tauri. Attarugu shi ne na sammakon, a Afrilu ake rainonsa a inuwa, a dasa in ruwa ya zauna.

Masu son bazara su ne kayan miyarmu na gida: alayyafo, kuɓewa, lalo, rama, yakuwa, zogale. Zafin digiri 40 bai dame su ba muddin saiwarsu na cikin danshi.

Amma kafin maganar iri a yi maganar jarka. A Afrilu kowace mita ɗaya tsawo mita ɗaya faɗi tana shan lita 6 zuwa 8 kullum. Filinki mita 12 ne in an lissafa, ke nan lita 72 zuwa 96, jarka uku zuwa huɗu kowace rana har ruwan sama ya sauka. In ba za ki iya ba, kada ki nome shi duka. Ki yi fangali biyu, kowanne mita ɗaya faɗi mita uku tsawo. Jarka biyu za ta riƙe su. Yawancin lambunan gida da ke mutuwa a Afrilu an yi su ne fiye da ƙarfin ruwan gidan.

Nura Gusau:
Malam Habu, ban yarda da hana ta tumatir ba. Ai yanzu akwai ragar inuwa. A kafa rumfa, a shimfiɗa raga, shi ke nan. Kuma lokacin da tumatir ke tsada shi ne Mayu da Yuni, wanda ya shuka yanzu shi zai ci.

Malama Sadiya:
Nura, ka tambayi kanka me ya sa yake tsada a Mayu da Yuni. Ba manoman rani na Kadawa a Kano ne suka manta ba su shuka ba.

Matsalar tumatir a zafi a fure take. Itacen zai girma lafiya, ya yi kore shar, ya yi fure, sai furen ya bushe daga wuya ya faɗi. In rana ta wuce digiri 35, dare kuma ya ƙi sauka ƙasa da 24, garin furen yana lalacewa, ba a samun ɗa. Raga tana rage dukan rana, amma ba ta sanyaya dare, kuma daren Afrilu a tsakar gida mai katangar bulo ya fi na gona zafi, don katanga tana sakin zafin da ta sha da rana. Ɗan abin da ya ƙulla kuma sai ka ga gindinsa ya yi baƙi ya lotsa. Mutane suna cewa cuta ce su sayi magani, alhali sinadarin kalsiyam ne bai kai ga ɗan ba saboda ƙasa tana bushewa tana jiƙewa.

Ga kuma Sharon. Tsutsar nan da ke shiga tsakanin fatar ganye ta bar farin tabo, ta huda ɗan. Ita ce ta cinye tumatir a Kano da Kaduna a 2016, kuma da zafi take yawaita. Sai farin ƙuda mai kawo cutar nannaɗewar ganye, shi ma lokacinsa ke nan.

Nura Gusau:
To Malama, ke nan babu irin da ke jure zafi kwata-kwata?

Alhaji Isuhu Maraɗi:
Akwai, ɗana, amma a san abin da ake nufi da juriya. A nan Nijar akwai Icrixina da cibiyar binciken noma ta ICRISAT da ke Sadore ta fitar, 'ya'yansa ƙanana ne, yana ƙullawa da zafi fiye da Roma. A wajenku akwai irin su Padma F1 da ake saidawa don damina. Duk waɗannan an fi cin moriyarsu in an raine su a Mayu an dasa a Yuni, furen ya zo lokacin da hadari ya sanyaya gari. Wanda ya nace sai ya gwada yanzu, ya sa gindi biyu ko uku a buhu, inda ranar safe kawai ke samu, kada ya ba shi fangali guda. Roma da UC82B kuwa a ajiye su sai Oktoba.

Maman Khalifa:
Na haƙura da tumatir ɗin. Malam Habu, fangalin nan yaya ake yinsa? Na ga wasu suna tara ƙasa ta yi tudu.

Malam Habu Kura:
Tudu na damina ne, don ruwa ya gangara. Da rani akasin haka ake so. Fangali kwari ne: tsakiyarsa ya yi ƙasa da kamar santimita 10, a kewaye shi da ɗan bango na ƙasa, ruwan da aka zuba ya tsaya ya nutse a wurin.

Ki fara jiƙa wurin da yamma, don ƙasar tsakar gida takakkiya ce, fartanya ba za ta shige ta a bushe ba. Washegari a sare ta zurfin santimita 25 zuwa 30, kamar tsawon kan fartanya da rabi, a farfasa hoge, a tsince duwatsu da leda da guntayen bulo. In an ci karo da tsohon siminti a kwashe shi. Kowane fangali a zuba masa ruɓaɓɓen taki cike da babban bokitin fenti mai lita 20, in ƙasar jigawa ce a sa biyu. A cakuɗa, a baje ya kwanta daidai. Wannan bajewar mutane ke rainawa. In gefe ɗaya ya fi zurfi, can ruwa zai taru, shukar can ta ruɓe, ta ɗaya gefen ta bushe. Ki zuba ruwa ki duba inda ya kwanta, ki gyara. Sai ki yi ta ba shi ruwa kwana biyar zuwa bakwai ba tare da shuka ba. Ciyawar da ke cikin takin za ta fito, ki cire ta, sannan ki shuka.

Faɗin kada ya wuce mita ɗaya, don hannu ya kai tsakiya ba sai an taka ciki ba.

Hajiya Turai:
Maganar taki nake so a tsaya a kai. Masu kaji a gida suna kwasar kashin daga keji su zuba kai tsaye, kwana uku shuka ta ƙone, su ce hannu ne. Ɗanyen kashin kaji wuta ne, da zafin nan kuma ya fi. A tara shi a inuwa, a gauraya da buntun shinkafa ko busasshen ganye, a yayyafa ruwa ya yi danshi ba caɓa-caɓa ba, a rufe da buhu, a riƙa juyawa duk mako. Sai ya yi sati shida zuwa takwas. Alamar ya nuna: in ka cusa hannu babu zafi, warin da ke hawa kai ya tafi, ya koma baƙi mai warin ƙasa. Tunda Maman Khalifa yanzu za ta fara, ta nemi tsohon kashin tumaki ko na shanu wanda ya kwana biyu a turke.

Kuma kada a haɗa toka da kashin kaji ko da yuriya. Toka tana sa ƙarfin takin ya tashi ya bi iska, warin da ake ji shi ne kuɗinka ke tafiya. In za a sa toka a sa ta daban, 'yar kaɗan.

Baba Ɗanladi Samaru:
Hajiya Turai ta yi gaskiya. Zan ƙara da cewa takin gargajiya shi kaɗai ba ya isar alayyafo a fangalin da bai taɓa ganin noma ba. A sa NPK 15-15-15 kamar giram 100 a kowane fangali lokacin gyaran ƙasa, wato ƙaramin gwangwanin tumatir ɗaya da rabi. Bayan shuka ta yi sati biyu, a narka yuriya babban cokali ɗaya a lita 10 na ruwa a ba ta, a bi da ruwa zalla don a wanke ganyen. Cokali ɗaya na ce. Masu ɗiba da hannu su watsa su ne ke tashi da safe su tarar bakin ganye ya ƙone. A daina yuriya kwana goma kafin a fara yanka.

Kuɓewa kuwa murfin robar lemo ɗaya na NPK ya ishi kowane gindi, kusan giram 6 ke nan. A tona ɗan rami nesa da gindin da faɗin tafin hannu, a zuba, a rufe.

Hajiya Turai:
Baba, ni dai a lambun da yara za su ci ban ga dalilin takin zamani ba. Ganyen yuriya ruwa ne, kana yanka yana yaushi.

Baba Ɗanladi Samaru:
In an cika shi haka ne, Hajiya, har darɓa ma ta fi son irin wannan ganyen. Wanda ke da wadataccen ruɓaɓɓen taki ya bar yuriya, ban ja ba. Amma wadda za ta sayi ruwa jarka biyu kullum ta samu alayyafo rawaya saboda rashin cokali ɗaya, ai asarar ta fi yawa.

Maman Khalifa:
To yaya zan raba fangali biyun?

Malama Sadiya:
Na farko ganye, na biyu kuɓewa.

Alayyafo: irinsa ƙanana ne sosai, ƙaramin cokalin shayi ɗaya ya ishi fangali guda. A cakuɗa shi da busasshen yashi ninki goma don ya bazu. A ja layi da yatsa, zurfin rabin santimita kawai, tsakanin layi da layi santimita 20. A zuba, a rufe sama-sama. Wanda aka binne da zurfi ba ya fitowa. Kwana uku zuwa biyar zai tsiro. A waɗannan kwanakin kada saman ƙasa ya bushe ko sau ɗaya, shi ya sa ake shimfiɗa buhun algarara ko siririyar ciyawa a kai a riƙa zuba ruwa ta samansa. Da kin ga tsiro ki ɗage buhun ranar nan, in ya ƙara kwana ɗaya zai yi dogon wuya ya faɗi. Da gwangwani mai huji ko abin ban ruwa mai rariya ake ba shi, ba da bakin bokiti ba, don ruwa mai ƙarfi yana tattara irin ya kai kusurwa ɗaya.

Kada ki shuka fangalin duka rana ɗaya. Raba shi uku, ki shuka kashi ɗaya duk bayan kwana goma, in ba haka ba zai zo miki gaba ɗaya ya fi ƙarfin tukunya, sannan ki zauna babu. Sati uku zuwa huɗu ana fara ci. Ki fara da tuge masu cunkoso har tazara ta kai santimita 10 zuwa 15, sauran ki riƙa yankewa ki bar kamar santimita 15 daga ƙasa, zai sake tofo. Ana samun yanka uku ko huɗu kafin ya fitar da kai.

Lalo ya sha bamban. Irinsa yana da taurin ɓawo, in aka shuka shi haka nan sai ya yi ta fitowa ɗai-ɗai har wata guda. A ƙulle shi a tsumma, a tsoma a ruwan da ya tafasa na daƙiƙa biyar zuwa goma, daƙiƙa ba minti ba, a fitar a tsoma a ruwan sanyi, a shanya a inuwa ya sha iska, a shuka ranar.

Yakuwa da rama a jera su a bakin fangali. Waɗanda aka shuka yanzu ba za su yi fure ba sai rana ta fara gajarta wajen Satumba, don haka duk tsawon lokacin ganye za su yi ta bayarwa in ana tsinkar kansu.

Alhaji Isuhu Maraɗi:
Kuɓewa a jiƙa irin ya kwana a ruwa, wanda ya taso sama a zubar. Ƙwaya biyu ko uku a rami, zurfin santimita 2. Layi biyu a fangali, tsakaninsu santimita 60, tsakanin rami da rami 30. Gindi ashirin ke nan, ya ishi gida. In sun yi ganye huɗu a cire a bar ɗaya mai ƙarfi, kuma yankewa ake yi da farce, tugewa tana girgiza saiwar wanda aka bari. Ba a dasa kuɓewa, ba ta so.

A kula da irin da za a saya. Doguwar kuɓewar nan ta gida wadda ke kai tsawon mutum, in an shuka ta a bazara ganye za ta yi ta yi, ba fure sai ƙarshen damina. Ki nemi mai saurin zuwa: Clemson Spineless, ko NHAe 47-4 ta cibiyar binciken kayan lambu ta NIHORT, mu nan muna da Konni. Kwana 45 zuwa 50 an fara ɗiba. Kuma ɗibar duk bayan kwana biyu ce, ko ana bukata ko ba a bukata. Ɗa ɗaya da aka bari ya tsufa a jiki yana sa gindin ya rage fure. Abin da ya yi yawa a yanka a shanya.

Zogale kada ki ba shi fangali. Gindi huɗu a jikin katanga, nesa da ita da kamar mita ɗaya. In ya kai ƙugu a tsinke kansa don ya yi rassa, in ba haka ba zai tafi sama ganyen ya fi ƙarfin hannu. Masu nomansa a Jiratawa kusa da Maraɗi ba sa barinsa ya yi tsawo, sarewa suke yi yana sake tofowa.

Nura Gusau:
A gwada irin kafin a shuka. Ƙwaya goma a jiƙaƙƙen tsumma, a ajiye a inuwa, a riƙa yayyafa ruwa. Bayan kwana biyar in bakwai sun tsaga, iri ne. In ƙasa da biyar ne a mayar wa mai shi. Irin da ya sha rana a tire a bakin kasuwa yawanci ya mutu tun a fakiti. Kuma duk abin da aka rubuta F1 a jikinsa ba a ajiye 'ya'yansa don baɗi.

Maman Ilham:
Ni tambayata ban ruwa. Safe ko yamma? Kowa da abin da yake faɗa.

Malam Habu Kura:
Sabon tsiro safe da yamma, kaɗan-kaɗan, har ya yi kwana goma. Daga nan sau ɗaya mai yawa ya fi sau uku na yayyafi. Yayyafi yana jiƙa santimita biyu na sama, saiwa ta taru a nan, ranar da aka makara ta dahu. Ni na fi son yamma bayan la'asar sakaliya, ruwan ya kwana yana nutsewa.

Malama Sadiya:
Da rani yamma ba laifi tunda iska a bushe take, ganye ba ya kwana a jiƙe. Amma ga ƙananan tsiro na fi son a ba da mai yawan da sassafe. Ƙasar da ta kwana caɓa-caɓa ita ke kawo ciwon nan da tsiro ke sirancewa daga gindi ya kife, musamman in an cika iri. Da an shiga Mayu iska ta fara nauyi, a koma safe gaba ɗaya.

Abu biyu kuma. Ganye ya yi yaushi da azahar ba lallai ƙishi ba ne, kuɓewa da kabewa suna yin haka su miƙe da magariba. A cusa yatsa zuwa gaɓa ta biyu, in da danshi a ƙyale. Wanda ya wayi gari a yaushe shi ne mai ƙishi, ko kuma saiwarsa ta samu matsala. Na biyu, jarkar da ta wuni a rana ruwanta ya isa yin wanka, kada a zuba shi a kan tsiro. A ajiye ta a inuwa.

Hajiya Turai:
Ba wanda ya ambaci rufe ƙasa, kuma shi ne ke rage kuɗin ruwa. Da zarar shuka ta kai tsawon yatsa a shimfiɗa busasshiyar ciyawa ko buntun shinkafa ko ɓawon gyaɗa, kaurin santimita 5, a bar ɗan fili a zagayen gindi. Jarka biyun nan za ta iya komawa ɗaya da rabi.

Baba Ɗanladi Samaru:
Sai dai gara, Hajiya. Karan dawa da na gero kiran gara ne, in ta gama da su ta shiga zogale.

Hajiya Turai:
Shi ya sa ban ce kara ba. Buntu bai dame ta sosai ba, busasshen ganyen darbejiya ma haka. Kuma gara ta fi kama itacen da ƙishi ya riga ya raunata. In ta ci ciyawar ma ba asara ba ce duka, hujin da take yi yana sa ruwa ya shiga.

Maman Ilham:
Ruwan wanke-wanke fa? Mu a nan kowace jarka da lissafinta.

Malama Sadiya:
Ruwan alwala, na wankin shinkafa da na wankin kayan miya, duk a tara a zuba. A ajiye baho a wurin alwala, za ki sha mamakin abin da zai taru a wuni. Ruwan wanka na sabulu a kai wa zogale, a gindi, ba a ganye ba. Ruwan Omo da na bilic kuwa a'a. Gishirin cikinsa yana taruwa, ƙasa ta yi farin ɓawo ta daina shan ruwa, kuma da rani babu ruwan sama da zai wanke shi. Na wanke-wanke mai maiƙo shi ma yana toshe ƙasa ya tara ƙuda. Ruwan kwata ba a maganarsa a kan ganyen da za a ci.

Alhaji Isuhu Maraɗi:
Akwai dabarar tulu ga mai ƙarancin ruwa. Sabon tulun ƙasa wanda ba a shafe shi da komai ba, mai tsattsafo. A binne shi har wuya, a cika, a rufe bakin da faranti saboda sauro, a shuka kuɓewa ko kokwamba gindi huɗu a zagaye, nesa da jikinsa da faɗin tafin hannu. Yana jiƙa kamar santimita 25 zuwa 30 a kewaye, ana cika shi duk kwana biyu ko uku. Sati biyun farko dai sai an haɗa da ban ruwa ta sama kafin saiwa ta kai gare shi. Ruwa mai laka ko sabulu yana toshe shi.

Abban Sultan:
Mu masu gidan haya da daɓen siminti fa, an manta da mu.

Nura Gusau:
Buhu, yallaɓai. Farin buhun shinkafa ko na taki, a wanke, a naɗe bakinsa ya koma tsawon santimita 40. A huda gindi da gefen ƙasa wuri goma. Haɗin: ƙasa kashi biyu, ruɓaɓɓen taki kashi ɗaya, yashi ko buntu kashi ɗaya. Ƙasa zalla a buhu dunƙulewa take yi. Kuɓewa gindi ɗaya ko biyu a buhu, alayyafo kamar takwas. Kada a ajiye a kan siminti kai tsaye, da azahar daɓen nan ƙafa ma ba ta iya taka shi. A ɗora a kan bulo ko katako, a jera su manne da juna su yi wa juna inuwa. Baƙar leda da baƙin bokiti a guje su yanzu. Kowane buhu lita biyu zuwa uku kullum. Rana tana cin buhun, wata huɗu zuwa shida zai fara yagewa, kada a ce za a ɗaga shi a lokacin.

A lungun da ba rana sosai a sa na'ana'a, da ƙananan albasar da ta fara tsiro a kicin, sati uku an samu lawashi.

Maman Khalifa:
Allah Ya saka. Saura ƙwari, don maƙwabta sun ce in sayi fiya-fiya in ajiye.

Malama Sadiya:
Don Allah kada ki kusantar da fiya-fiya ko Sniper ga abin da za a ci. Ganyen da ake yanka duk mako ba shi da ranar da guba za ta fita.

Abokan gabarki na farko ma ba ƙwari ba ne: ƙadangare, kaji da tsuntsaye. A bazara babu kore ko'ina sai naki, ƙadangare zai aske tsiron alayyafo cikin wuni ɗaya. Tsohon gidan sauro shi ne maganinsa. A kafa sanduna, a lulluɓe, a danne gefen da ƙasa ko bulo kada a bar kafa. Yana rage rana kaɗan. Ganye zai iya zama a ciki har yanka. Kuɓewa a buɗe ta in ta yi tsawo. Kokwamba da kabewa dole a buɗe su da sun fara fure, don sai ƙudan zuma ya ziyarce su suke ƙullawa.

Sannan a riƙa juya ganye ana duba bayansa. Darɓa tana taruwa a sabon tofo, ganye ya yi danƙo, tururuwa na hawa da sauka. Ƙananan huji kamar an harba da allura a ganyen kuɓewa da yakuwa aikin wani ɗan ƙwaro ne mai tsalle, yana cutar ƙaramar shuka, babba ba ta damu ba. Mafi sharri da zafi shi ne jan gizo-gizo, ƙanana kamar ƙura a bayan ganye, ganyen ya yi ɗigo-ɗigon rawaya, daga baya saƙa ta bayyana. Bushewa yake so, don haka wanke bayan ganye da ruwa duk kwana biyu yana rage shi. Magungunan feshi irin su cypermethrin ƙara shi suke yi, don suna kashe ƙwarin da ke cinsa su bar shi.

Haɗin darbejiya: busassun 'ya'ya rabin kilo, a daka, a jiƙa a lita 10 na ruwa ya kwana, a tace da tsumma, a narka ɗan sabulun wanki kamar kan yatsa a ciki don ya kama ganye. A fesa da yamma, sama da ƙasan ganye, don rana tana kashe ƙarfinsa. Ba ya kashewa nan take, hana ci da hayayyafa yake yi, saboda haka a maimaita duk kwana biyar zuwa bakwai. Ba a ajiye shi, ranar da aka tace ranar ake fesawa. A bar kwana biyu ko uku kafin yanka, a wanke sosai, in ba haka ba miya za ta yi ɗaci.

Baba Ɗanladi Samaru:
Rabin filin da ya rage kada ya zauna banza. Zafin Afrilu ma'aikaci ne in an san yadda za a sa shi. A sare ƙasar, a zuba taki, a jiƙa ta sosai har zurfin santimita 30, a shimfiɗa farar leda mai nuna ciki, ba baƙa ba, a binne gefenta ko'ina kada iska ta shiga. A bar ta sati huɗu zuwa shida. Zafin da ke taruwa a ƙasan ledar yana kashe irin ciyawa da cututtukan ƙasa, yana rage tsutsar nan da ido ba ya gani mai sa saiwar kuɓewa da tumatir ta yi ƙulle-ƙulle. Ruwa sau ɗaya kawai ya ci. Nan za a dasa attarugu da tumatirin damina.

Rainon attarugu a fara shi tsakiyar Afrilu a tsohon baho mai huji, a ƙarƙashin rumfa. Yana da nawa, kwana 10 zuwa 20 kafin ya fito, kada a yi fushi a zubar. Sati shida zuwa takwas ya isa dashe. Tumatir sati uku zuwa huɗu ne kawai, don haka shi sai Mayu. Mako guda kafin dashe a riƙa fitar da bahon ranar safe, a rage ruwa. A dasa da yamma.

Malam Habu Kura:
Kuma kada ruwan farko ya ruɗe ku. A Kano ana iya yin ruwa ɗaya a Mayu a ɗauke sati biyu, sai Yuni yake zama. Zariya ta riga mu, Sakkwato da Maraɗi suna bayanmu. A ci gaba da ban ruwa har sai an ga ƙasa ta jiƙe zurfin tafin hannu ta kuma riƙe. Ranar da ya zauna kuwa, fangalin da ya cece ku a Afrilu shi zai kashe shukar. A fasa bangonsa ta gefen gangare, a tara wa kuɓewa ƙasa a gindi, sabon dashe duk a kan kunya. Iskar hadarin farko kuma tana kwantar da kuɓewa ta yage raga, a ɗaure tun kafin.

Maman Khalifa:
Na rubuta duka. Tambaya ta ƙarshe, rumfa fa, in yi ko in bari, tunda rana na wuni a wurin?

Malam Habu Kura:
Kuɓewa ba ta son rumfa, a inuwa tsawo take yi ba 'ya'ya. Fangalin ganye kawai za ki kare, shi ma daga ranar azahar zuwa la'asar. Ki kafa zana ko asabari a tsaye ta yamma da shi, tsawon mita ɗaya da rabi, ko ki sa fangalin ganyen a jikin katangar yamma in akwai. In raga za ki saya, mai tare kashi 30 zuwa 50 cikin ɗari, ki ɗaga ta sama da kai don iska ta ratsa.

Abban Sultan:
Buhun siminti zai yi? Su ne da yawa a unguwarmu.

Nura Gusau:
Zai yi in na leda ne ba na takarda ba. A juya cikinsa waje, a wanke har ruwan ya daina fari, don garin siminti yana ƙona saiwa. Ƙarami ne, kuɓewa gindi ɗaya kawai.